Garkuwar Jiki: Ƙarfi Ce ko Sani?

Akwai wata magana da ta daɗe tana kai da kawowa a majalisun ƙasar nan tamu, tun daga Likoro da Hunƙuyi har zuwa Makarfi da Ikara, wadda takan taso a duk sa'ad da aka ji shelar cewa masu rigakafi za su bi gida-gida, ko kuwa aka sami labarin wata annoba ta ɓulla a maƙwabta. Maganar ita ce, wai Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci ɗan Adam tare da garkuwarsa a cikin jikinsa, kakanninmu kuma sun rayu har sun ga jikoki da tattaɓa-kunne ba su san allura ba, saboda haka yaron da ya ci tuwon dawa ya ƙoshi, ya kora da fura, ba shi da wata bukata ga ɗigon baki ko sukar allura. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, a cikinsu akwai dattawa masu hankali da almajiran ilimi waɗanda nake jin nauyinsu ƙwarai, kuma farkon maganar tasu gaskiya ce tsantsa wadda babu likitan da zai musa ta. Inda na rabu da su shi ne a natijar da suka fitar, domin a ganina duk wanda ya fahimci yadda garkuwar nan take aiki ba zai iya kafa hujja da ita don ƙin rigakafi ba, bal ma ita ce mafi ƙarfin hujjojin yin sa.

Asalin kuskuren, in an bi shi sannu a hankali, shi ne mun ɗauki garkuwar jiki a matsayin ƙarfi irin na damtse, wanda wani yake da shi da yawa, wani kaɗan, kuma ana iya ƙara shi da shan wani jiƙo. Alhali kuwa mafi girman sashenta sani ne: jiki yana koyon kamannin maƙiyinsa, ya adana, ya kuma tuna ranar da suka sake gamuwa. Shi kuwa sani ba a haifar mutum da shi, sai an nema, kuma kowane nema da abin da ake biya. To tun da an gama magana a kan cewa jiki yana iya kare kansa, mas'alar da ta rage ita ce, da me muke so 'ya'yanmu su biya kuɗin wannan karatu? Da idanunsu da ƙafafunsu da rayukansu, ko kuwa da ɗan kuka da ɗumin jiki na kwana guda?

Bari mu faro daga waje mu shiga ciki. Duk wanda ya taɓa shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya dubi abin da ya rage na ganuwa, ya san cewa magabata, duk da jaruntakarsu, sun fi son a tsayar da maƙiyi a waje a kan a yi artabu da shi a tsakar gari. Haka al'amarin jiki yake. Fata ita ce ganuwarsa, kuma muddin tana nan lafiya lau, mafi yawan ƙwayoyin cuta da ke zaune a kanta ba su da hanyar ratsawa. Ƙofofin da ba makawa sai an bar su a buɗe, watau hanci da baki da ido, kowace da mai gadinta: majina tana kama ƙura da abin da ƙurar ta ɗauko, wasu siraran gasu da ido ba ya gani a cikin maƙogwaro suna sharo ta sama dare da rana, hawaye da yawu suna ɗauke da wani sinadari mai narkar da bangon bakteriya wanda Alexander Fleming ya gano a 1922, abin da ya kuɓuta ya faɗa ciki kuwa sai ya tarar da ruwa mai tsananin tsami yana jiransa. Daga nan ne mutum zai gane abin da ya sa masana suke danganta yawaitar sanƙarau a ƙasashenmu da rani, lokacin da iskar hunturu da ƙura suka busar da cikin hanci har ya tsattsage. Ai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

To a ce bangon ya tsage. Manomi yana saran rake a fadama, adda ta goce ta same shi a ƙauri, ya yayyafa ƙasa ko ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Kafin gari ya waye wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zafi, yana zogi. Mu a wurinmu wannan shi ne ciwon, amma a haƙiƙa alamar cewa an kai ɗauki ce: hanyoyin jini na wurin sun buɗe, jini ya ƙaru, ruwa ya tsattsafo, fararen ƙwayoyin jini suna ratsowa ta bangon jijiya suna kwarara zuwa inda aka ji rauni. Waɗanda suka fi saurin isa su ne ake kira nutrofil, waɗanda ɓargon baligi yake ƙera kimanin biliyan 100 daga cikinsu a kowace rana, kuma aikinsu guda ne, su haɗiye ƙwayar cuta su mutu tare da ita. Mugunyar nan da ake matsewa bayan kwana uku ana yamutsa fuska, galibinta gawarwakinsu ne. Akwai kuma manyan maciya da ake kira makrofaj, masu zama cikin tsoka da huhu da hanta da saifa, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Metchnikoff ya fara lura da irin aikinsu a 1882, sa'ad da ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku mai garai-garai, ya wayi gari ya ga ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Zazzaɓi ma daga cikin wannan shiri yake, domin jiki ne da kansa yake ɗaga zafinsa don ya takura wa baƙon ya kuma gaggauta aikin masu tsaro.

Wannan runduna ta farko da ita aka haife mu, kuma a kanta masu cewa Allah ya ba mu garkuwa sun yi daidai ɗari bisa ɗari. Sai dai tana da aibi guda, ba ta rarrabe maƙiyi da maƙiyi, kuma ba ta tuna kowa. Yadda ta tari ƙwayar yau haka za ta tare ta baɗi, ba ƙari ba ragi. Da ita kaɗai muke da ita, da ba a kai ga yaye mafi yawanmu ba.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya tare da ni, domin nan ne zuciyar bahasin. Manomin nan da ya ji rauni a ƙauri, bayan 'yan kwanaki zai ji wani ƙululu ya fito masa a matsematsi, ya ce kaluluwa ta fito masa, wataƙila ma ya nemi a yi masa tofi a kanta. Mece ce kaluluwa? Ɗaya ce daga cikin ɗaruruwan 'yan ƙulle-ƙulle da ke warwatse a wuya da hammata da matsematsi da cikin ciki, inda wasu manzanni daga wurin rauni suke kai gutsattsarin ƙwayar cutar da aka kama, su nuna wa wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait. Abin mamaki a sha'anin waɗannan shi ne, kowace ɗaya daga cikinsu siffa guda tak take iya ganewa, amma jiki ya tanadi miliyoyin iri daban-daban, har da masu gane siffar cutar da mutum bai taɓa gamuwa da ita ba. Sai a yi ta zagayawa da gutsuren nan har a dace da wadda ta gane shi, ita kuwa nan take ta shiga rarrabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su zama dubbai, kuma wannan cunkoso shi ne kumburin da manomi yake shafawa. Kashi ɗaya daga cikinsu, masu lambar B, suna zubo wa jini wasu makamai da ake kira antibodi, waɗanda aka ƙera daidai da siffar wannan ƙwaya ita kaɗai, su manne mata, su hana ta shiga tsoka, su kuma yi mata alama don maciya su same ta. Ɗaya kashin, masu lambar T, waɗanda suke samun horonsu a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wasunsu suna kashe ƙwayoyin jikin da cuta ta riga ta shige ta ɓuya a ciki, wasu kuma su ne masu ba da umarni ga rundunar baki ɗaya. Waɗannan masu umarni su ne ƙanjamau take bi tana kashewa, shi ya sa mai ita, in bai sami magani ba, tarin fuka ko gudawa ko wata cutar da ba ta isa ta kayar da mai lafiya ba ita take ƙarasa shi.

Amma fa duk wannan hikima tana cin lokaci. A gamuwar farko, daga shigar cuta zuwa lokacin da makaman suka wadata, ana ɗaukar mako guda zuwa biyu, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ake yin tsere tsakanin ƙwayar da ke hayayyafa da jikin da ke koyo. Idan jiki ya riga, an warke. Idan cuta ta riga, sai a ce kwana ya ƙare. Wanda ya tsira kuwa, wasu daga cikin limfosait ɗin nan ba sa mutuwa, suna nan suna zagayawa shekara da shekaru da siffar maƙiyin a tare da su, ta yadda in ya sake dawowa za a murƙushe shi cikin ɗan lokaci, sau da yawa ba tare da mutum ya ko san an yi ba. Misali mafi ban mamaki da na sani a kan haka ya faru ne a wasu tsibirai masu nisa da ake kira Faro, can arewacin Turai. Ƙyanda ta shiga can a 1781, sa'an nan ta ɓace, ba a sake ganinta ba sai 1846, lokacin da ta kama mutum wajen 6,000 daga cikin mazauna da ba su kai 8,000 ba. Likitan da gwamnatin Denmak ta aika, Peter Panum, ya tarar cewa tsofaffin da suka yi ta suna yara, shekara 65 da suka wuce, ba ko ɗaya da ta sake kamawa.

To yanzu mu koma ga hujjar kakanni. Gaskiya ne sun rayu ba allura, amma su wa muke ƙirgawa? Muna ƙirga waɗanda suka tsallake ne, domin su ne suka haife mu. Waɗanda suka faɗi a tseren ba su bar zuriyar da za ta zauna a majalisa ta ba da labarinsu ba. A tambayi kowace tsohuwa a Likoro ko Kudan, 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ta yaye, nawa ta aurar, sa'an nan a saurari yadda za ta jero sunayen waɗanda baƙon dauro ya tafi da su, da na tarin shiƙa, da wanda ya sanƙare kafin ranar suna. A kuma tuna da makafin da agana ta bari, da fuskokin da ta zane. Sa'an nan ba daidai ba ne a ce mutanen dā sun zauna sun naɗe hannu. Abubakar Ar-Razi, babban malamin ɗibbu na Musulunci wanda ya rasu wajen shekara ta 925 Miladiyya, ya keɓe risala guda don rarrabe agana da ƙyanda. A ƙasashen Turkawa da Indiya da Sin da sassan Afirka, tun kafin Turawa su san abin, ana ɗibar ruwan ƙurjin mai agana a tsaga fatar mai lafiya a shafa, don ya yi 'yar ƙarama ya tsira daga babba. Wani bawa ɗan Afirka da aka sa wa suna Onesimus shi ya bayyana wa ubangidansa wannan dabara a birnin Boston na Amurka, kuma da aka jarraba ta a annobar 1721, sai aka ga wajen 14 cikin 100 na waɗanda cutar ta kama da kanta sun mutu, alhali cikin waɗanda aka tsaga wa wajen 2 ne cikin 100. Abin da Edward Jenner ya ƙara a 1796 shi ne ya maye gurbin ƙwayar mai kisa da 'yar'uwarta ta shanu wadda ba ta kisa. Wannan ita ce lambar da ke damtsen dattawanmu har yau. An ga agana ta ƙarshe a Nijeriya a 1970, ta ƙarshe da ta kama mutum ta hanyar yaɗuwa a duniya kuwa a Somaliya a 1977, kana aka yi shelar gushewarta a 1980. Ina mai cewa garkuwarsa ta ishe shi? Me ya sa garkuwar kakanni ba ta kori agana ba cikin dubban shekaru, sai da aka bi gari-gari da lamba?

Wasu sukan sassauto su ce, to ai gara yaro ya yi ƙyandarsa ya huta, tun da wanda ya yi ta ba ya sakewa, kuma abin da jiki ya koya da kansa ya fi inganci. Rabin wannan ma gaskiya ne, amma ragowar rabin akwai hatsari a cikinsa. Ƙyanda ba ta tsaya ga ƙuraje da jan ido ba. Ƙwayarta tana shiga cikin limfosait ɗin nan masu tuni ta hallaka su, har binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa yaran da suka yi ta sun rasa tsakanin 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren antibodin da suka tara a baya. Ma'ana, yaro ya sami sanin cuta guda, ya yi asarar sanin cututtuka da dama da ya riga ya sha wuya a kansu. Iyaye mata sun daɗe da lura da haka ba tare da sun san sababinsa ba, shi ya sa za ka ji ana cewa tun da wane ya yi baƙon dauro bai sake lafiya ba, yau gudawa, gobe ciwon haƙarƙari. Wannan wane irin ciniki ne?

Akwai kuma cututtukan da ba sa ba jiki sararin koyo sam. Mashaƙo, wanda ya sake ɓarkewa a Kano a ƙarshen 2022 ya bazu zuwa jihohi da dama na Arewa, dafi ne ƙwayarsa take fitarwa, ta shimfiɗa wata fata mai toka-toka a maƙogwaro ta toshe numfashi, dafin kuma ya bi jini ya taɓa zuciya, duk kafin mako biyun nan su cika. Tun 1890 Emil von Behring da abokin aikinsa Kitasato na Japan suka nuna cewa jini yana iya ɗaukar makarin irin wannan dafi, kuma rigakafinsa yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, shi kuwa rigakafin ba komai ba ne illa dafin da aka kashe wa kaifi aka bar siffarsa don jiki ya gani ya shirya. Mafi yawan yaran da annobar nan ta kama ba su sami wannan allura cikakkiya ba. Cuta ce da aka san maganinta tun kafin Turawa su ci Kano, amma ga ta tana shaƙe 'ya'yanmu a zamanin wayar hannu.

Hujjar tawakkali ba za ta ɗauke mu lokaci ba, domin malamai sun riga sun warware ta. Sa'ad da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham aka tarye shi da labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da jihadi, ya sami lokacin rubuta littattafai a kan ɗibbu. Riƙon sababi bai taɓa zama kishiyar dogaro ga Allah ba a wurin Ahlus Sunna, kuma wanda ya halicci ƙwayar cuta shi ya halicci limfosait, shi kuma ya sanar da ɗan Adam yadda zai haɗa su ba tare da an yi asarar rai ba.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina, wadda kuma ba na yarda a yi mata dariya, ita ce ta rashin amana. Mutanenmu suna cewa ruwa ba ya tsami banza: yaya za a bi mu har ɗaka da ɗigon shan-inna kyauta, alhali in yaro yana fama da zazzaɓin cizon sauro sai mun sayar da akuya? Kuma suna da tarihi a hannunsu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka da Dakta Ibrahim Datti Ahmad da Majalisar Ƙoli ta Shari'a suka ɗaga murya a 2003 cewa ana zargin an gurɓata ɗigon shan-inna da abin hana haihuwa, maganar ta sami kunnuwan da suka riga suka shirya karɓarta, aka dakatar da aikin a Kano da Zamfara da wannan jiha tamu ta Kaduna, Kano kuwa ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga Indunisiya.

Ina girmama tsoron, amma tilas a dubi abin da ya biyo baya. Shan-inna ta yaɗu daga nan zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunisiya, ƙasashen Musulmi 'yan'uwanmu. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru suna nan a cikinmu, sun girma, muna ganinsu a kan kekunan guragu a bakin kasuwa da tasha. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin kuwa, su ne yau suke goye da na biyu da na uku. Ina rashin haihuwar da aka tsoratar da mu? Sa'an nan Trovan magani ne sabo da ake gwadawa a kan marasa lafiya, ba rigakafin da duniya ta daɗe tana amfani da shi ba, kuma darasin da ke cikinsa shi ne a tsananta sa ido, a tambaya, a sa masananmu na asibitocin Shika da Kano su bincika, ba a rufe ƙofa ba. Da sarakuna suka shiga aikin gadan-gadan a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka ga shan-inna ta ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma yi shelar kuɓutar Afirka daga ainihin ƙwayar a ranar 25 ga Agusta 2020. Ba zan ɓoye ba, har yanzu akan sami wani nau'i da ke samo asali daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon, amma inda yake samun damar yawo har ya yi ƙarfi shi ne inda aka bar yara da yawa ba rigakafi.

Akwai wasu kuma da suke cin kasuwa da sunan garkuwar nan, su ne masu lasifika a ranar kasuwar Makarfi da sauran kasuwanninmu, da masu talla a rediyo da Facebook, kowa da kwalbarsa mai ƙara garkuwar jiki. Tambayata gare su ita ce, wane sashe take ƙarawa, kuma a kan wace cuta? Jiƙo ba ya koya wa limfosait siffar ƙyanda. Sa'an nan wa ya ce yawan garkuwa alheri ne a kullum? Asma da borin jini garkuwa ce ta tashi a kan ƙura ko abincin da bai yi laifi ba. Akwai ciwon gaɓoɓi da nau'in ciwon sukari na yara waɗanda garkuwa ce ta juya ta afka wa mai ita. Sau da yawa kuma abin da ke kashe mai tsananin cuta shi ne wuce haddin martanin jikinsa. Mizani ake nema, ba yawa ba. Abin takaici ma, yayin da muke sayen abin ƙarawa, muna kuma sayen abin ragewa da kuɗinmu: ƙwayar deksametason da 'yan mata suke sha don su yi ƙiba kafin biki tana danne garkuwa ne kai tsaye, da yawa daga mayukan bilicin kuma suna ɗauke da danginta, suna sirantar da fatar da muka ce ita ce kariyar farko.

Inda masu maganar tuwo da fura suka fi kusa da gaskiya, kuma inda hukuma ta fi cancantar zargi, shi ne batun abinci, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Antibodi daga sinadarin gina jiki ake ƙera shi, kuma yaron da tamowa ta kama, tsokar nan ta bayan ƙirji takan motse, fatarsa da hanjinsa su yi rauni, har gudawar da ɗan'uwansa zai yi ya tashi ta zama ajalinsa. Muna noma waken soya da gyaɗa da masara da tumatir, kaji suna yi mana ƙwai, ga zogale a bayan ɗaki, amma mafi kyawunsu kasuwa suke tafiya, yaro kuwa a bar shi da koko tsararo, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa. Haka nan dakashi, nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, wanda har yanzu a wasu gidaje ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, a ba jariri ruwa ko jiƙo a madadinsa: cike yake da antibodin uwa, waɗanda suke shafe hanjin jariri su tsare shi. Tun yana ciki ma uwa take ba shi aron nata ta mabiyiya, aron da yake ƙarewa sannu a hankali cikin watannin farko, kuma saboda haka ne aka ajiye allurar ƙyanda a wata na 9, a sake ta a wata na 15. In an yi da wuri ƙwarai, makaman uwa za su kashe darasin kafin jikin yaro ya koya.

Wannan jira kuwa shi ya sa mas'alar ta wuce ta gida ɗaya. Mai ƙyanda guda yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da kariya, kuma sai an yi wa wajen 95 cikin 100 rigakafi kafin ta rasa hanyar wucewa. Jaririn wata 6 da aron uwarsa ya fara ƙarewa, lokacin allurarsa kuma bai yi ba, ba shi da wata kariya illa 'ya'yan maƙwabta da aka yi wa. Magidancin da ya ce gidansa ne, ikonsa ne, ya kamata ya san cewa hukuncin da ya yanke yana tsallaka katanga ya faɗa kan ɗan da ba nasa ba, kuma shari'a ba ta ba kowa izinin cutar da maƙwabci ba.

Sai dai ba zan sauke laifin duka a kan magidanta ba. Sau nawa uwa takan nemi izini da ƙyar, ta goyo ɗanta ta tako daga ƙauye cikin rana, ta isa ɗakin shan magani a ce mata yau ba ranar allura ba ce, ko ma'aikaci bai zo ba, ko kuwa ba za a fasa kwalbar mutum goma saboda yara biyu ba, ta dawo mako mai zuwa? Sau nawa firjin da ya kamata ya riƙe maganin da sanyi yake zaune ba wuta, alhali zafi yana lalata shi? Irin wannan uwa ba ta ƙi rigakafi ba, amma a takardar hukuma cikin masu ƙi za a lissafa ta. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara, da hakimai da dagatai da limaman Juma'a, kafin su sake hawa mumbari ko su aika sanƙira ya yi wa talakawa faɗa, su fara aika wakili ya je ɗakin shan magani na gundumarsu ranar allura ba tare da sanarwa ba, ya buɗe firjin ya sa hannu ya ji, ya duba rajista, ya kuma ƙirga matan da aka mayar gida a wannan rana.